Wai me ya sa sabon adireshin intanet ya yi tsawo haka? Fashin baƙi a kan IPv6

Duk mai riƙe da wayar Android ya shiga saiti yanzun nan, ya gangara can ƙasa wajen bayanin waya, in dai yana kan wayfai zai tarar an rubuta masa adireshin IP iri biyu. Ɗaya gajere ne wanda ido ya saba da shi, irin su 192.168.0.101, ɗayan kuma wani dogon abu ne da ya fara da fe80, haruffa da lambobi a cakuɗe, ga alamar ruwa biyu a tsattsakaninsu. Wannan dogon, wato IPv6, shi ne mutanenmu ke tsallakewa, har da masu gyaran waya da masu ɗaura kamarar tsaro a garin nan na Kaduna, kai har da yaran da ke karanta kwamfuta a Kadpoly da KASU, da an zo kansa sai a ce wannan na manyan injiniyoyi ne. Abin yana damuna ƙwarai, domin wallahi ba shi da wahalar da ake jin tsoro, tsari gare shi mai kyau, kuma mu da muka shigo intanet a makare mu ne muka fi kowa buƙatarsa.

Mu fara da tsohon, don sai an san shi za a gane dalilin sabon. Duk na'urar da za ta yi magana a intanet dole ta samu lamba, da lambar ake sanin inda saƙo zai je da inda amsa za ta dawo. Kwamfuta kuwa ba ta san ƙirge irin namu ba, 0 da 1 kawai ta sani, kuma kowane gurbi ɗaya da zai ɗauki 0 ko 1 shi ake kira bit. Tsohon tsari, wato IPv4 wanda aka fitar da ƙa'idarsa a watan Satumba na 1981, bit 32 gare shi. Sai aka yanka shi gida 4, kowane gida bit 8, aka mayar da kowane gida zuwa ƙirgen da mutane suka saba da shi, aka sa ɗigo a tsakani. Bit 8 ba ya iya wuce 255, shi ya sa ba za ka taɓa ganin adireshi mai 300 ko 512 a cikinsa ba, in ka gani to ba adireshi ba ne. Lambar 192 ɗin nan da muke gani kullum, a wajen kwamfuta 11000000 ce. In aka lissafa duk yadda bit 32 za su iya juyawa, adireshi 4,294,967,296 za a samu, biliyan 4 da 'yan kai kenan.

A wancan lokacin wannan adadi ba ƙarami ba ne, tunda intanet ɗin ta jami'o'i ce da sojojin Amurka, babu wanda ya kawo wa ransa cewa wata rana mai sayar da doya a Kasuwar Bacci zai riƙe ta a aljihu. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin tare da Bob Kahn, ya sha faɗa da bakinsa cewa gwaji suka ɗauka suna yi lokacin da ya zaɓi bit 32, sai gwajin ya zarce ya zama abin da duniya ke amfani da shi. Sannan rabon farko an yi shi ne da hannu sake. Kamfanin Apple shi kaɗai an ba shi duk adireshin da ya fara da 17, guda 16,777,216 kenan, Ford ya samu na 19, ma'aikatar tsaron Amurka ta kwashi irin wannan ƙunshi da dama. Ita kuwa Afirka hukumarmu ta rabon adireshi, AFRINIC mai hedikwata a Mauritius, sai a 2005 ta samu cikakken izinin fara aiki, lokacin an riga an ci kasuwa. 'Yan abin da ya rage mana su ne irin masu farawa da 41, 102, 105 da 197, in ka duba adireshin da layinka ke fita da shi a Najeriya sau da yawa cikin waɗannan za ka gan shi.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011 babbar hukumar rabo ta duniya, IANA, ta raba ƙunshi 5 na ƙarshe da ke hannunta, kowace nahiya ɗaiɗai, rumbu ya ƙare. Asiya ta fara shiga ƙunci a shekarar, Arewacin Amurka a 2015, Turai ta ƙarar da nata ƙarƙaf a Nuwamban 2019. AFRINIC ma tun Janairun 2020 ba ta ba kamfani fiye da adireshi 1,024 a lokaci guda. Adireshi ya zama haja, tun a 2011 Microsoft ya sayi guda 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe a kan dala miliyan 7.5, kuma daga Fabrairun 2024 duk mai ajiye manhajarsa a sabar Amazon, wato manyan kwamfutocin da kamfanin ke bayarwa haya, sai ya biya kuɗin adireshin IPv4 daban, awa-awa ake lissafa masa, da dala.

To in ya ƙare, ya aka yi har yanzu muke hawa intanet lafiya lau? Dabarar da ake kira NAT ce ta riƙe mu. Manyanmu da suka ga zamanin wayar tebur ta NITEL a Kaduna, lokacin da ake fara danna 062, za su tuna a layi guda sai ka ga gida ɗaya ne ke da waya, kowa lambar gidan Alhaji yake bayarwa, in an bugo a aiki yaro ya kira ka. Haka rautar gidanka, wato na'urar da ke raba muku wayfai, take yi. Adireshi ɗaya take da shi na fita waje, duk wayoyi da kwamfutocin gidan kuma ta ba su na cikin gida, masu farawa da 192.168 ko 10, waɗanda aka ware tun 1994 don kowa ya maimaita su yadda ya ga dama. Bambancin kawai shi ne rauta ba ta da yaron aike. In kai ka fara kira daga ciki za ta tuna ta miƙo maka amsa, amma in wani ne ya ƙwanƙwasa daga waje haka kawai, ba ta san wa zai ba saƙon ba sai ta yar. Yanzu ma abin ya ƙara lunkuwa, kamfanonin sadarwa su ma suna yin nasu NAT ɗin a sama, kwastoma masu ɗimbin yawa a bayan adireshi ɗaya. In ka shiga rautarka ka ga adireshin da aka ba ta ya faɗa tsakanin 100.64 zuwa 100.127, to kana cikin wannan layin. Shi ya sa mai shago a Ahmadu Bello Way zai ɗaura kamara yana so ya riƙa leƙa shagonsa daga gida a Malali, mai ɗaurawa ya buɗe ƙofa a rauta ya yi duk abin da ya sani abu ya ƙi, a ƙarshe sai dai hoton ya bi ta sabar kamfanin da ya ƙera kamarar a wata ƙasa sannan ya dawo Kaduna. Haka nan wani can ya yi ta'asa a wani shafi a toshe adireshin, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba shafin ya riƙa sa ka tabbatar da cewa kai mutum ne.

Yanzu ga sabon. IPv6 ba yau aka yi shi ba, Steve Deering da Robert Hinden sun fitar da ƙa'idarsa ta farko a Disamban 1995, aka sabunta a 1998, aka tabbatar da shi a matsayin cikakkiyar ƙa'ida a Yulin 2017. Mai tambayar ina na 5 ya shiga, an riga an ba wani tsarin gwaji na aika murya da bidiyo wannan lambar, shi ya sa aka tsallake. Tsawon IPv6 bit 128 ne. An yi muhawara kafin a tsaya a nan, wasu sun ce 64 ya isa, wasu suna son mai tsawon da zai iya kaiwa 160, aka daidaita a 128.

A nan ne mutane ke yin kuskuren lissafi, su ce 128 ai ninkin 32 ne sau 4, don haka adireshin ya ninka sau 4. A'a malam. Kowane bit ɗaya da aka ƙara ninka adadin yake gaba ɗaya. Bit 33 ya ba ka biliyan 8 da rabi, 34 ya ba ka biliyan 17, haka za ka yi ta ninkawa har sau 96. Abin da ke fitowa shi ne 340,282,366,920,938,463,463,374,607,431,768,211,456. Lamba ce mai gurbi 39, ba mu da sunanta a bakinmu na yau da kullum.

Da a ce an rubuta wannan da salon ɗigo-ɗigo na da, gida 16 za ka riƙa karantawa, wanda ba mai iya jurewa. Sai aka koma ƙirgen goma sha shida, wanda masu harkar ke ce wa hegza. Mu ƙirgenmu alamomi 10 gare shi, daga 0 zuwa 9, shi kuma 16, to da 9 ta ƙare sai aka aro haruffa: a ita ce 10, b 11, c 12, d 13, e 14, f kuma 15. Shikenan sirrin haruffan da ke ba mutane tsoro, lambobi ne kawai, kuma ba za ka taɓa ganin g ko k ko z a ciki ba. Daɗin hegza shi ne kowace alama ɗaya bit 4 ce cif-cif, don haka alama 32 ta ba ka 128. Aka kasa su gida 8, kowane gida alama 4, wato bit 16, aka raba da ruwa biyu. Ga misali, kuma na ɗauko shi ne daga 2001:db8 wanda aka ware musamman don koyarwa, ba na kowa ba ne:

2001:0db8:0062:0000:0000:0000:00a0:0005

Ƙirga da kanka, gida 8, alama 32 da ruwa biyu guda 7, jimilla 39. Tsohon kuwa iyakar tsawonsa 15.

Amma da wuya ka gan shi a cike haka, saboda akwai ƙa'ida 2 ta gajartawa, kuma wanda ya riƙe su ya gama da rabin aikin. Ta farko, duk sifilin da ke gaban gida, wato ta hagu, za ka iya zubar da shi. 0db8 ya koma db8, 0062 ya koma 62, 0005 ya koma 5, 0000 ya koma 0 guda ɗaya. Amma fa na hagu kawai, na dama ba a taɓa shi. 00a0 zai koma a0, in ka ce za ka mai da shi a kaɗai to ka canja lamba, don a kaɗai 000a take nufi, 10 kenan, alhali a0 160 ce. Misalinmu yanzu ya zama 2001:db8:62:0:0:0:a0:5. Ta biyu, in gidajen sifili suka jeru a jere, sai ka kwashe su duka ka sa ruwa biyu sau biyu a madadinsu, ya zama 2001:db8:62::a0:5. Mai karantawa sai ya ƙirga gidajen da yake gani, 5 ne, ya san 3 ne suka ɓuya a wajen alamar, ya mayar da su.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa ba a yin wannan alama sau biyu a adireshi ɗaya. Ɗauki 2001:db8:0:0:7:0:0:1, wani zai so ya rubuta 2001:db8::7::1 don ya fi gajarta. To gida 4 ake gani, 4 sun ɓata, amma nawa ne a ramin farko nawa ne a na biyu? Zai iya zama 1 da 3, ko 2 da 2, ko 3 da 1, adireshi uku daban-daban kenan, kwamfuta kuma ba ta canki-canka, kawai za ta ce ba daidai ba ne. Ƙa'idar da aka fitar a 2010 ta ce a danne jerin da ya fi tsawo, in sun yi daidai a danne na farko, kada a yi amfani da alamar don gida ɗaya tal, kuma a rubuta da ƙananan haruffa. Don haka daidai shi ne 2001:db8::7:0:0:1. Da wannan gajartawar wasu adireshin har sun fi na da sauƙi, adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi a da 127.0.0.1 ne, yanzu ::1 ne kawai. Sabar Google ta neman sunaye, wadda ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa, da kowa ya haddace a 8.8.8.8, a sabon tsari 2001:4860:4860::8888 ce. Facebook ma sun yi wasa da haruffan, a adireshinsu za ka ga face:b00c a tsakiya.

Abin da na fi so mutane su gane kuwa shi ne tsawon nan ba don a ƙirga na'urori kawai aka yi shi ba, don a samu wurin tsara abubuwa ne. A bisa al'ada adireshin rabi biyu ne. Gida 4 na hagu, bit 64, su ne ke nuna netwok ɗin da kake, gida 4 na dama su ne na'urarka a cikin wannan netwok ɗin. In ka ga an rubuta /64 a ƙarshen adireshi abin da ake nufi kenan, bit 64 na farko na netwok ne. To ka lura, netwok ɗaya tak, na falon gidanka, yana da gurbi 18,446,744,073,709,551,616, wato ka ɗauki duk tsohuwar intanet ka ninka ta sau biliyan 4 da wani abu. Wasu suna ganin almubazzaranci ne, ni ban gan shi haka ba, domin wannan yalwar ita ta sa waya ke iya yanka wa kanta adireshi ba tare da ta roƙi kowa ba. Rauta kawai za ta sanar da rabin hagu, wayar ta ƙirƙiro rabin dama, ta ɗan tambaya ko akwai mai irinsa, in shiru ta ci gaba da harkarta. Da farko daga lambar da aka ƙera katin netwok da ita ake ciro rabin daman, a cusa ff:fe a tsakiya, sai aka ga hakan zai sa a iya bin sawun mutum duk inda ya je tunda wutsiyar adireshinsa ba ta canjawa, shi ne wayoyi da kwamfutocin yanzu suke ƙirƙirar ta barkatai suna sauyawa lokaci-lokaci. Saboda haka kar ka yi mamaki in ka ga na'ura ɗaya da adireshin IPv6 har 3 ko 4, haka tsarin yake.

Rabin hagun shi ma hawa-hawa ne. AFRINIC tana riƙe da ƙunshin 2c00::/12, shi ya sa adireshin Afirka da yawa ke farawa da 2c0f. Ita sai ta ba kamfanin sadarwa /32, kamfani ya ba makaranta ko asibiti ko ma'aikata /48, wanda a cikinsa akwai netwok 65,536, gidan mutum kuma a ba shi /56 mai netwok 256. Ka ga jami'a guda za ta iya ba kowace tsangaya da kowane ɗakin kwanan ɗalibai nasa netwok, ta kuma tsara lambobin yadda mai kula da su yana kallon gida na 4 zai san wane gini ne ke da matsala. Farkon adireshi ma yana gaya maka irinsa. Wanda ya fara da 2 ko 3 na fita duniya ne. Mai fe80 na cikin gida ne zalla, ba ya tsallake rauta, kuma kowace na'ura tana yi wa kanta shi ko da kamfaninka bai san da IPv6 ba, don haka ganinsa a wayarka ba ya nufin ka samu, sai ka ga mai farawa da 2. Mai fd na amfanin cikin ma'aikata ne, kwatankwacin 192.168 na da, mai ff kuma na aika saƙo ga rukuni ne a lokaci guda.

Akwai maganar da nake yawan ji daga abokan sana'a, wai NAT kariya ce, in kowace na'ura ta samu adireshin duniya to ɓarayin intanet za su shigo har ɗaka. Tsoron yana da tushe amma an ɗora shi a inda ba nan ba. Abin da ke kare ka shi ne katangar tsaro da ke cikin rauta, wadda ke hana duk wanda ba a gayyata ba shigowa, kuma tana aiki a IPv6 kamar yadda take yi a tsohon. Haɗarin gaske shi ne injiniya ya zauna ya tsara dokokin tsaro na IPv4 tsaf, ya manta cewa ɗayar ƙofar ma a buɗe take saboda bai taɓa kallonta ba. Wannan kuwa rashin koyo ne ke jawo shi.

Wani abin da ya kamata a sani, tsarin biyu ba sa jin yaren juna kai tsaye, shi ya sa sauyin yake tafiyar hawainiya, yawanci ana tafiyar da su ne tare a na'ura ɗaya. Tun ranar 6 ga Yunin 2012 manyan shafuka irin su Google da Facebook suka kunna IPv6 suka bar shi a kunne, ƙasashe irin su Indiya da Faransa da Jamus sun yi nisa sosai, mu a Najeriya har yanzu muna can baya. Kuma ba wai mun fi su wadatar tsohon adireshi ba ne, mu ne ma masu ƙarancinsa, ga yawan jama'a ga matasa da ke shigowa intanet kullum daga Rigasa zuwa Kawo zuwa Sabon Tasha.

Ku masu rubuta manhaja, akwai ƙananan abubuwa da ke kayar da mutane. In za ka buɗe gurbin ajiye adireshin IP a rumbun bayanai kar ka ba shi 15, kar ma ka tsaya a 39, ba shi 45, saboda akwai salon da ake liƙa tsohon adireshi a wutsiyar sabo, irin ::ffff:192.0.2.1, salon da in aka rubuta shi a cike yana iya kaiwa haka. Kar ka gwada adireshi biyu ta hanyar kallon rubutunsu, tunda 2001:db8::5 da 2001:0db8:0:0:0:0:0:5 abu ɗaya ne, fara mayar da su siga ɗaya tukuna. In za ka sa shi a burauza tare da lambar ƙofa, wato lambar da ke nuna wace manhaja ce za ta karɓi saƙon a na'urar, sai ka kulle shi cikin baka masu kusurwa, kamar [2001:db8::5]:8080, in ba haka ba ba za a san inda adireshi ya ƙare ƙofa ta fara ba. A wajen rajistar sunan shafi kuma, layin A na tsohon ne, na sabon AAAA ne, harafi 4 saboda tsawonsa ya ninka sau 4.

Ku kuma masu makarantu da asibitoci da otal-otal da ke biyan kuɗin intanet mai tsoka duk wata, in za ku sabunta yarjejeniya ku tambayi kamfanin ko yana ba da IPv6, kuma wane girma. In ya ce /64 ɗaya zai ba ku ku ce bai isa ba, netwok ɗaya ne kacal, ba za ku iya raba na baƙi da na ofis da na kamarori ba. Ku nemi /56 aƙalla, in wurin babba ne /48, kuma ku sa a rubuta a takarda cewa lambar ba za ta riƙa canjawa ba duk lokacin da aka ɗauke wuta rauta ta sake tashi.